Zuwa ga ɗana, kan maganar ƙarfen sabis da na'urar duba mota

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Gero ya shiga rumbu, dawa ta kusa, riɗi kuma an yanke an jingina shi a gona yana bushewa. Sai godiyar Allah.

Ranar Asabar da ka bugo, sabis yana ta yankewa, rabin maganarka ban ji ba, kuma na san rabin tawa ba ta isa gare ka ba. Ko da ma layin ya yi kyau, wannan ba maganar waya ba ce. Shi ya sa na zauna bayan isha'i na ɗauki biro. Ƙaninka zai ɗauki hoton takardun ya turo maka ta WhatsApp. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta a tsanake, kada ka karanta kana tafiya.

Abin da na fahimta shi ne, wani kamfani ɗan kwangila mai kula da ƙarafan sabis ɗin waya ya kira ka aiki, gwajin wata shida, albashi ba yawa, ga yawo tsakanin ƙauyuka. Abokanka sun ce maka wannan gadin janareta ne, bai dace da wanda ya shekara biyar yana karatun injiniya a Jami'ar Bayero ba, gara ka jira aikin ofis a Abuja ko Legas. A ɗaya gefen kuma wani abokinka yana so ku haɗa kuɗi ku kama shago a wajen Ƙofar Ruwa, ku sayi na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Kasonka na jarin shi ne ka ce ko za a sayar da gonar gabas.

Gona ba zan sayar ba, Abba. Aikin ƙarfen sabis kuma ina so ka karɓa. Maganar mota ba na ce ka jefar da ita ba, za mu dawo kanta, don ta fi kusa da zuciyata fiye da yadda kake zato. Amma bari in gaya maka dalilina, don ba na son ka bi maganata kawai saboda ni na haife ka.

Lokacin da na fito daga makarantar koyon sana'a ta Wudil, motar ƙasar nan ita ce Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Motar nan ba ta ɓoye wa mutum komai. In ta ƙi tashi abu uku za ka duba: mai yana zuwa, wuta tana zuwa fulogi, iska tana shiga? Ka kwance kafireta ka wanke da fetur ka busa, ka goge kwantak, ka saita wuta da kunne. Da sifana da sukudireba da kunnena na ciyar da gidan nan, da su na biya kuɗin makarantarka tun daga firamare. Daga bakin titi nakan ji ƙarar mota in san abin da yake damunta kafin direban ya kashe ta.

Sai motocin Kwatano suka cika ƙasa, masu injekta da ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da take sarrafa inji, wadda yaran gareji suke kira birenbokis. Ba zan manta da wani dillalin shanu ba, mai Corolla 'yar Amurka. Duk Alhamis yana tafiya kasuwar Maigatari, kuma duk Alhamis sai motar ta mutu masa a hanya bayan ta ɗauki zafi. In ya zauna gindin bishiya rabin awa, ya murɗa mukulli, sai ta tashi kamar ba ita ba. Na ce famfon mai ne, aka sayo. Ta sake. Na ce fulogi ne, na ce kwayil ne. Mako uku mutumin nan yana zuba kuɗi, kasuwa tana wuce shi. Da ya gaji ya ɗauko wani yaro daga Kano, bai fi shekarunka na yanzu ba. Yaron ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya jona wata 'yar na'ura, sai ga lamba ta fito, P0335, wato matsala a layin sansar karanshaf, wadda take gaya wa ƙwaƙwalwa inda fistin yake don ta san lokacin ba da wuta da mai. Na zaci zai ce a je a sayo sabuwa. Bai ce ba. Ya ɗauko mita ya auna sansar tana sanyi, ya ga lafiya lau. Ya ce a kunna mota a bar ta. Muka zauna a benci har ta yi zafi ta mutu da kanta, nan take ya sake aunawa, sai ga shi siririyar wayar da take cikinta ta rabu. In ta yi zafi ta saki, in ta huce ta koma ta haɗe. Sai a lokacin ya ce a sayo. Ranar na mayar wa dillalin kuɗin famfo da kwayil daga aljihuna, don ba na son in tashi gobe ƙiyama da haƙƙinsa a wuyana. Na kwana ina tunanin yaron nan, ina roƙon Allah ya ba ni ɗa mai irin natsuwarsa. Lokacin kana aji uku a sakandare.

Amma kada ka ɗauka na'urar ce ta gyara motar. Bayan shekara biyu wani malamin makaranta ya kawo mini tasa, fitilar cek mai nuna matsalar inji tana kunne, inji yana rawa in an tsaya. Ya riga ya je wajen wani mai na'ura a birni, lamba ta nuna P0171, ma'ana iska ta rinjayi mai a abin da injin yake ƙonawa. Mai na'urar ya sa shi ya sayi sansar salansa, wadda take auna iskar da ta rage a hayaƙi, fitila ta dawo. Ya sa shi ya sayi sansar awon iska, ta sake dawowa. Albashinsa na wata ya tafi. Ni kuwa da na buɗe bonet na sunkuya, sai na ji wani siririn fito. Robar da take kai iska cikin inji ce ta tsage ta ƙasa, a bayan wurin da ake auna iskar. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai a nauyi, kuma ƙwaƙwalwa tana ba da mai ne gwargwadon iskar da aka gaya mata ta shigo. To ga wata iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya ba a ƙidaya ta ba. Sansar salansa gaskiya ta faɗa, amma ita aka cire aka yar. Kuɗin robar bai kai na cin abincin rana a tasha ba.

Ka ɗauki ƙwaƙwalwar mota kamar hakimi a zaure. Ba ya fita, ba ya ganin gona, da rahoton dagatai da masu unguwanni yake yanke hukunci. Wannan ya ce ruwa ya yi zafi kaza, wancan ya ce iska kaza ta shigo, wani ya ce direba ya taka totur kaza. In ɗaya ya kawo labarin da ba daidai ba, ko ɗan aiken ya faɗi a hanya saboda waya ta tsinke, hukuncin zai fito a karkace ko da hakimin adali ne. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can soket ɗin nan mai rami 16 da ake jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur, shi ya sa kusan duk abin da yake shigo mana yanzu yana da shi. Sai dai lambar da take fitowa unguwar da ake kuka take nuna maka, ba ta nuna gidan. Gidan kai za ka nemo shi da mita da taswirar wayoyi da haƙuri. Kuma sau da yawa abin yana ƙasa-ƙasa: batir mai lafiya in mota tana kashe bolt 12.6 yake nunawa, in tana aiki wajen 14, yawancin sansoshi kuma bolt 5 ƙwaƙwalwa take aika musu. Wayar at guda ɗaya, wato wadda take mayar da wuta batir ta jikin bodi, in ta yi tsatsa tana iya haifar da lambobi goma, a yi ta zargin birenbokis alhali lafiyarsa ƙalau.

Abin da yake ci mini rai shi ne, mu masu gyara mu ne muke kashe rabin motocin nan da hannunmu, da dabarun da muka gada daga zamanin kafireta. Mota tana isowa daga Kwatano sai a cire tamostat, abin da yake daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin nan an yi shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In ka hana shi kaiwa, sansar ruwa za ta yi ta gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, mai shi yana kukan shan mai, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi. Wani zai zare kan batir inji yana aiki don ya gwada ko otaneta tana caji. A 504 an sha yin haka an tsira, a motar yanzu wutar da take tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwa. Wani zai sa wa inji ruwan famfo mai ƙarfi a wajen wanki, ruwa ya shige soket-soket. Wani zai farke salansa ya kwashe abin nan mai kama da saƙar zuma da suke kira indomi ya sayar, ya bar mai mota da fitilar da ba ta mutuwa. Ga namu na ƙauye: ƙurar hunturu tana toshe matatar iska ta lulluɓe sansa, ɓeraye kuma bayan kaka sukan shige bonet su ci waya. Na taɓa ciro sheƙar ɓera da ɓawon gyaɗa daga cikin akwatin fiyus.

Don haka da ka ce mota, ban ji kunya ba, daɗi na ji. Daga nan har Gumel, har Haɗeja, masu na'ura suna ƙaruwa, amma wanda ya san dalilin da ya sa lamba ta fito, wanda zai buɗe taswira ya bi waya daga tushe, ƙalilan ne. Kai ka karanta abin da ni ban samu ba. Abin da na ƙi shi ne a fafe gora ranar tafiya. Ba ka taɓa kwana ƙarƙashin mota ba, ba ka san halin masu mota ba, ba ka san sansar gaske da ta jabu a hannun ɗan kasuwa ba. In ka buɗe shago yau da kuɗin gona, haya tana bin ka, abokin tarayya yana jiran rabonsa, wata rana mota za ta zo ba ka gane ciwonta ba, kuma ba za ka iya cewa a dawo gobe ba saboda kana buƙatar kuɗin yau. Daga nan ake fara cewa a sayo kaza a gwada. Na san hanyar nan, na bi ta da dillalin shanu. Gonar kuma ba tawa ba ce ni kaɗai, kakanka da ka ci sunansa ya bar ta, ƙannenka mata suna da haƙƙi a cikinta.

Yanzu ƙarfen sabis. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku san abin da ƙarfen nan ya canja ba. Kafin 2001 layukan tarho na ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. In aka yi rasuwa a nan, sai a tashi yaro ya hau mota ya kai labari Kano, wani lokaci kafin dangi su zo an yi kwana uku da binnewa. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. Econet ɗin ce ta yi ta sauya suna har ta zama Airtel. Glo ta shigo a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa. Mu nan sai da muka yi shekaru muna hawa tudun bayan makabarta muna ɗaga waya sama kafin a kafa mana namu ƙarfen. Yau layukan da suke aiki sun haura miliyan 150. Mai zoɓo yana jin farashin Maigatari daga gonarsa, mai POS yana bakin masallaci, mace in naƙuda ta zo da gardama cikin dare waya ɗaya ake bugawa mota ta zo.

Ka san na yi shekara huɗu ina yi wa janaretan ƙarfen garinmu sabis, canjin baƙin mai da filta. A nan na ga cikin abin, na kuma ga injiniyoyi iri-iri. Wanda yake kallo daga waje ƙarfe kawai yake gani da jar fitila a ƙololuwa. A ciki kuwa akwai janareta, akwai na'urar da take juya wutarsa ta koma bolt 48 irin ta batir, akwai jerin batura masu riƙe wuri in inji ya tsaya, akwai akwatin rediyo, sannan dogayen eriyoyin nan na sama da suka kasa gari kashi uku, kowace tana fuskantar ɓangarenta. Ga kuma farantin nan mai kama da ganga, wanda yake kallon ɗan'uwansa a wani ƙarfen mai nisan kilomita da yawa. Ta nan maganar gari duka take fita, in babu wayar faiba a ƙasa. Iskar farkon damina in ta ɗan karkata farantin, ko ruwa mai ƙarfi ya tsaya tsakaninsu, sai gari ya yi shiru. Wani lokaci ma ƙarfe ɗaya ne yake ɗauke da wasu biyar a bayansa, in ya faɗi duk su faɗi. Abokanka da suke cewa gadin janareta, gaskiya ne yawancin abin da yake kashe sabis a ƙauye wuta ce. Amma wanda bai san wutar ba, me zai tsara a ofis?

Wata bazara sabis ɗinmu ya riƙa ɗaukewa kullum daga azahar zuwa bayan la'asar. Aka turo injiniya, ya zo da hantsi, ya ga komai kore, ya sa hannu ya tafi. Aka turo na biyu, shi ma da safe, ya canja wani kati mai tsada a akwatin rediyo ya tafi. Washegari da azahar sabis ya ɗauke. Na ukun da ya zo, abin da ya fara yi shi ne ya gaishe da maigadi ya zauna kan tabarmarsa, ya tambaye shi ƙarfe nawa abin yake faruwa, ranar da aka yi hadari ma ya faru ko bai faru ba. Maigadi ya ce ranar da aka yi lumshi bai ɗauke ba. Mutumin nan ya buɗe kwamfutarsa ya duba tarihin ƙararrawar na'urar, sannan ya ƙi tafiya. Ya yi sallar azahar tare da mu, ya tsaya gaban akwatin har abin ya mutu a kan idonsa. Fankar da take sanyaya akwatin ce ta tsaya, ragar iskar kuma ƙurar hunturu ta toshe ta kamar an yaɓa laka. In zafi ya kai wani matsayi sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone, in rana ta yi sanyi ta dawo. Ina tsaye a bayansa sai tsigar jikina ta tashi, don ciwon Corollar dillalin shanu ne sak, ga shi a jikin ƙarfen sabis. Kuma da hanya ɗaya aka kamo su: aka tambayi wanda yake kwana da abin, aka jira ciwon ya tashi, aka auna, sannan aka taɓa.

Wannan nake so ka je ka koya, Abba, kuma a can za ka koye shi da kayan kamfani, ƙarƙashin waɗanda suka riga ka, ana biyanka ko da kaɗan ne. Ƙarfe ɗari za ka buɗe kafin shekara ta zagayo. In ka fito daga nan, ko mota ka koma, ko sola, ko injin asibiti, hannunka ya riga ya faɗa.

Kuma aikin ba a gindin janareta yake ƙarewa ba. Akwai masu tsara inda za a kafa ƙarfe da inda kowace eriya za ta kalla. Akwai masu yawo a mota da wayoyi da kwamfuta suna auna ƙarfin sabis titi-titi. Akwai masu faiba da faranti, akwai masu zama ɗakin sa ido dare da rana suna kallon ƙarafan ƙasa duka a allo. Yawancin ƙarafan ma yanzu ba na kamfanonin layi ba ne, kamfanoni irin su IHS ne suke da su suna ba da haya, kayan ciki kuma na su Huawei da Ericsson da ZTE da Nokia ne, kowanne da mutanensa da 'yan kwangilarsa. Ƙofofin suna da yawa, amma na lura duk wanda na ga ya yi nisa a cikinsu ya taɓa shan rana a fili. Na san hankalinku yana kan 5G, tun da aka yi gwanjonta a Disambar 2021 aka fara kunna ta a manyan birane a 2022. Ka koye ta, ban hana ka ba. Sai dai kai ka fi kowa sanin cewa zangon megahaz 3500 da take hawa ba ya nisa kamar na 900, wanda yake ratsa gonaki ya shiga ɗakin ƙasa. Mutanenka na nan har yanzu abin da suke nema shi ne kira ya shiga, kuɗi ya fita a POS ranar kasuwa. A ƙauyukan bakin iyaka ma wayar mutum takan kama layin Nijar ta bar na gida. Wanda zai gyara wannan sai ya san ƙasar, ya san harshen mutanenta. Kai ka san su.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna, shi ne amana. A aikin nan za a ba ka mukullin wurin da babu mai ganinka sai Allah, a dawa, da tankin gas cike da batura masu tsadar gaske. Za a zo maka da takarda a ce ka sa hannu an zuba lita dubu alhali ɗari bakwai aka zuba, a ce kowa haka yake yi, ga naka kason. Wanda zai kawo maka takardar ba baƙo ba ne, abokin aikinka ne da kuke cin abinci kwano ɗaya, kuma zai zo ne a watan da albashi ya makara. Na ga yara masu ilimi sun lalace a kan jarka biyu. Ka tuna gas ɗin da aka rage shi ne daren da janareta zai mutu, kuma a daren akwai wanda zai ɗaga waya yana neman mota don mara lafiya. Ka sa sanda ka auna tanki da hannunka kafin ka sa hannu. In sun ƙi ka saboda haka, ka dawo gida, tuwo bai ƙare ba. Haka in ka yi kuskure ka ƙona wani abu, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a wurin da na'ura take rubuta komai da lokacinsa.

Ka kula da ranka. Kada ka hau ƙarfe ba ɗamarar tsaro da hular kwano, ko minti biyu za ka yi, ko wa ya ce ka hau. Kada ka hau in hadari ya haɗo, ƙarfen nan shi tsawa take nema. Kada ka tsaya gaban eriya ko faranti suna kunne. Ka cire agogo da zobe kafin ka sa hannu cikin batura, bolt 48 ba ya jan mutum kamar wutar NEPA, amma in sifana ta haɗa kai biyu narkewa take yi. In an kira ka cikin dare zuwa hanyar da ba ka yarda da ita ba, ka ce sai gari ya waye. Duk garin da ka shiga ka fara gaida mai gari, ka riƙe maigadi da mutunci, ka san sunan 'ya'yansa. Shi zai gaya maka abin da allo ba zai gaya maka ba. Sallah kuma kada yawon hanya ya sa ka mayar da ita abin haɗawa kullum.

In wani ya sake ce maka aikin ƙasƙanci ne, ka tuna masa watan Satumbar 2021 da aka rufe sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro. Mutane suka riƙa hawa mota har Funtuwa don su buga waya ɗaya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. A lokacin kowa ya san darajar masu riƙe da ƙarfen nan.

Maganar takardu ba zan tsawaita ba. Ka yi rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE tun yanzu, ka riƙa tara shaidar aikinka don ranar da za ka nemi hatimin COREN, hukumar da take ba injiniyoyi izinin aiki. Cibiyar horaswa ta Digital Bridge da NCC ta kafa tana da reshe a Kano, in ka ji an buɗe kwas da ya shafi aikinka ka shiga. Sannan ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk matsalar da ka gamu da ita ka rubuta: yadda ta bayyana, abin da ka zata, abin da ka auna, abin da ya zama shi ne. Har inda ka yi kuskure ka rubuta. Ni ban yi haka ba, abubuwa da yawa da na sani sun bi iska, kuma ina jin zafin hakan duk lokacin da yaran gareji suka tambaye ni wani abu na tsaya ina lalube.

Mahaifiyarka ta fi son shagon, don a ganinta kana Kano kusa da ita, ba ka hawa sama. Na zauna da ita mun yi magana, ta yarda, da sharaɗin za ka riƙa bugo mata duk ranar da ka sauko daga ƙarfe. Ka cika mata wannan. Ni ma ba don kaina na zaɓa maka yawo ba. Ƙarfina ya fara raguwa, idona ba ya ganin launin ƙananan wayoyi da yamma, kuma babu abin da nake so kamar in ga ka tsaya a garejin nan. Amma na fi son ka zo shi da cikakken hannu bayan shekara biyu ko uku, in har lokacin zuciyarka tana nan.

Ga abin da zan iya. In an kakkaɓe riɗi na ware buhu biyu da sunanka. Ka sayi mita mai kyau, ba irin ta bakin titi ba, da ƙaramar na'urar duba mota wadda take nuna abin da sansoshi suke faɗa inji yana aiki, ba mai karanto lamba kaɗai ba. Abokinka ka ba shi haƙuri da kyakkyawar magana, kada ku ɓata. Ranakun hutunka ka riƙa zuwa wajensa ko ka taho nan, ka sa tsofaffin kaya ka shiga ƙarƙashin mota tare da yarana. Su za su nuna maka yadda ake kwance abu ba a karya ba, kai kuma ka nuna musu yadda ake karanta taswira. Akwai guda biyu a cikinsu masu kai sosai, boko ne kawai ba su samu ba.

Aikin farko ma yana jiranka. Motar da jama'ar gari suka haɗa kuɗi suka saya don kai mata asibiti tana gindin darbejiyar gareji yau kwana goma sha ɗaya. Tana tashi, ta yi daƙiƙa biyu, ta mutu, fitilar mukulli tana ƙiftawa. Na auna batir, na duba fiyus, mai yana zuwa, na tsaya a nan ban canja komai ba, kuma na hana kowa taɓa ta. Direban ya ce mukullin ya faɗa masa a ruwa kwana biyu kafin abin ya fara, ka riƙe wannan a ranka. In ka sa hannu a takardar aikin ranar Litinin, ka aro na'urar abokinka ka taho da ita ranar Juma'a. Ka biyo motar safe, ka sayo wa mahaifiyarka maganinta na hawan jini, na wancan watan ya kusa ƙarewa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a sama da ƙasa.

Ni ne mahaifinka.